Yayana Zai Tone Gorar Baba Saboda Kwangila Ɗaya

"Assalamu alaikum. Shekaruna 29, a Garwa da ke arewacin Kamaru nake zaune. Muna da lambun renon dashe a bayan gari, kusa da Binuwai, mahaifinmu ne ya kafa shi. Muna yin mangwaro da darbejiya da furanni, amma da gora aka san mu: tamu ta gida, da mai ruwan ɗorawar nan da ake shinge da ita a otal-otal da gidajen masu hali. Akwai gindi 30 da Baba ya dasa da hannunsa fiye da shekara 20 da suka wuce, daga jikinsu muke samun iri.

"Shekara biyu ke nan Baba yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Hankalinsa garau, fita ce ba ya yi. Yayana ke riƙe da ciniki da kuɗi, ni kuma ina lambu tun asuba. A watan Disamba ya ba wani ɗan kwangila, abokinsa, dashe 400 a kan sefa 1,500 kowanne. An biya 200,000, sauran 400,000 har yau shiru, wai fiye da ɗari sun mutu. Yanzu mutumin ya dawo yana son guda 1,000 kafin ƙarshen Maris, alhali 250 ne kawai muke da su a leda. Yaya ya ce mu tono sauran daga gindayen Baba. Na ce ba da ni ba. A gaban yaran aiki ya ce min, 'Kai ban ruwa ka sani, ni na san kasuwa.' Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Inna ta ce in yi haƙuri kada Baba ya ji jininsa ya hau. Ba ni da albashi, abin da Yaya ya ga dama yake ba ni, ga matata ta kusa haihuwa. Wani ya yi min tayin fili a Pitowa, wani gari kusa da Garwa. In zauna, ko in ɗebi rabona in tafi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma sauki maiɗakinka lafiya.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karatu na biyu na gane ba gorar ce ta fi cinka ba, maganar nan ce da aka yaɓa maka a gaban yara. Mutumin da sanyin hunturu ke samunsa a bakin kogi kafin a sallame sallar asuba, ya yini hannunsa cikin taki da laka, a ce masa ban ruwa kawai ya sani, dole ransa ya sosu. Ba zan ce maka ba komai ba ne. Sai dai ina roƙonka ka ajiye wannan ciwon a gefe tukuna, za mu dawo kansa, domin in ka bari shi ya zaɓar maka hanya, a Pitowa za ka tsinci kanka da fili babu iri.

A kan gorar, gaskiya tana wurinka. Lissafin ma ba ya buƙatar alƙalami. In an cire 250 na cikin leda, saura 750. Raba su ga gindi 30, kowane gindi zai ba da 25. Wannan ba ɗiba ba ne, tonon kabari ne. Gora danginta ɗaya da rake da dawa, kuma ranta ba a karan da muke gani a sama yake ba, yana cikin dunƙulen tushen da ke ƙarƙashin ƙasa. A can take tara abincin da za ta fito da sabon toho da damina, wanda cikin 'yan watanni yake kai iyakar tsayinsa. Karan da suka shekara ɗaya zuwa biyu su ne masu idon da zai tsira baɗi, kuma su ɗin ne dai mai tono yake nema, don tsoho ba ya kamawa da kyau. Ka ga duk wanda ya kwashe su gaba ɗaya ya cinye bana, ya cinye baɗi. Gindin da aka yi wa haka sai ya yi shekaru yana fitar da 'yan siraran kara kamar tsintsiya kafin ya farfaɗo, in ma ya farfaɗo. Ga kuma lokacin da aka zaɓa: Maris a Garwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙasa ta ƙeƙashe sai da diga. Tushen da aka sare aka fito da shi cikin wannan rana, aka jefa a bayan mota, rabinsa ya riga ya mutu kafin a isa wurin aiki. Farkon damina ake wannan aikin, kuma kaɗan ake cira daga gefen gindi.

Bambancin da ke tsakanin gorarku biyu ma yana da muhimmanci a nan. Mai ruwan ɗorawar, wadda dangi ce ga wadda mutanen kudancin Kamaru ke ce wa gorar Sin, ba ta da wuyar sha'ani: a yanko kara mai gaɓa biyu da idonsa, a kwantar a ƙasa mai laima ƙarƙashin rumfa, kamar yadda ake dasa rake, sai ta kama. Ba a ma buƙatar taɓa tushenta. Tamu ta gida kuwa, wadda makiyaya ke sanda da ita, ta fi jure fari nesa ba kusa ba, amma ba ta cika kamawa daga yanka ba, sai ta tushe ko ta ƙwaya. Saboda haka ita ce za ta fi shan wahala in an shiga da diga, kuma ita ce mai wuyar mayarwa.

To, amma kada ka ɗauka Yayanka ya zauce. Zauna a kujerarsa na minti biyar. Shi ake miƙa wa takardar maganin Baba. Shi Inna ke kallo in buhun masara ya ƙare, shi yaran aiki ke bi ranar biya, shi ke sayen man injin ban ruwa. Ya kuma ga abin da kai ba ka cika gani daga cikin lambu ba: tun lokacin da aka yi gine-gine da gyare-gyare a Garwa saboda gasar Kofin Afirka da aka buga wasu wasanninta a filin Rumde Ajiya a farkon 2022, masu otal da masu manyan gidaje sun ƙara sanin daɗin kore a harabarsu, kuma ba ku kaɗai ke sayar da dashe ba. Wanda ya ce wa babban mai saye "babu", gobe wani wurin zai nufa. Oda ta miliyan ɗaya da rabi ba kullum take ƙwanƙwasa ƙofa ba. Akwai kuma abin da ba zai taɓa furta maka ba: shi ya ba da bashin nan, ga abokinsa, ba takarda, kuma yana jin nauyin abin. A ransa yana ganin in ya cika wa mutumin wannan odar, tsohon kuɗin zai fito tare da sabo. 'Yan kasuwa da yawa sun faɗa wannan ramin, suna zuba ruwa a rijiya wai don guga ta taso. Lokacin da ka ce "ba da ni ba" a gaban yara, shi ma abin da ya ji shi ne ƙaninsa yana tona masa asiri. Maganar da ya mayar maka ba ta yi daɗi ba, amma daga kunya ta fito, ba daga ƙiyayya ba.

Yanzu ga wurin da nake so ka daɗe, domin a nan mabuɗin yake: dashen nan fiye da ɗari da aka ce sun mutu. Waye a cikinku ya je ya gani da idonsa? Wasiƙarka ba ta nuna an je ba. Gobe ka hau mashin ka je, da 'yar wuƙa a aljihu. Gora tana kaɗe ganye in ta ji rani ko ta ji wahalar dashe, ta tsaya kamar busasshen kara, wanda bai santa ba ya ce ta mutu. Ka kankare jikin karan kusa da ƙasa, ka duba idon gaɓa, ka ɗan tona gindin da yatsa. In tushen yana da tauri da danshi, tana nan da ranta, ruwa da ciyawar rufe gindi kawai take jira. In ya yi baƙi ya ruɓe, ko ya bushe ƙamas, to ta tafi. Ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoto da waya. Sannan ka duba dalili. Akwai famfo ko rijiya a wurin? Wa aka ɗora wa ban ruwa, ko kuwa maigadi ne yake yi in ya tuna? Ramin da aka haƙa, ƙasa ce da taki a ciki, ko ɓaraguzan siminti ne aka tura? An cire ledar kafin a binne? Kada ka yi dariya, ana binnewa da leda. Akuya na shiga? Gara fa?

Akwai tambaya ɗaya kuma da ba ɗan kwangila za ka yi wa ba, kanka za ka yi wa. Dashen da kuka fitar a Disamba, duka sun yi saiwa? Ka fi ni sanin halin yankakken kara: yakan fito da ganye shar tun kafin ya yi saiwa ko ɗaya, da ɗan abincin da ke cikin karan yake wannan ado. Mai gaggawar cika oda sai ya ga kore ya ɗora a mota. Irin wannan, iskar hunturu ta kwana uku ta ishe shi. In ka tone matattun ka tarar babu saiwa a jikinsu, to wannan kason naku ne, ku maye shi ba tare da musu ba. Faɗin haka da bakinka zai ƙara maka daraja wurin Yayanka fiye da duk wata hujja, don zai ga ba laifinsa kaɗai ka fito nema ba.

Ko ma mene ne ka tarar, lissafi ɗaya ba ya canzawa. A ce ma 120 sun mutu kuma duk laifinku ne, 280 suna raye, kuɗinsu 420,000. An ba ku 200,000. Ke nan akwai 220,000 da babu wata gardama a kansu. Mai niyyar biya yakan biya wanda ba a jayayya a kai, ya tsaya a kan sauran. Mai riƙe duka saboda wani sashe, ko dai shi ma ba a biya shi ba, abin da ke yawan faruwa ga 'yan kwangila, ko kuma yana gwada ku ne. Duka biyun ba dalili ba ne na ƙara masa kayan miliyan ɗaya da rabi a kan baki.

Don haka kada ka je wa Yaya da "a'a" tsirara. Ka je masa da wata hanyar cin kasuwar. Mutumin ya fara biyan abin da babu musu a kai, ragowar kuma ya rubuta takardar amincewa da bashi, da ranar biya, da shaidu biyu, a kai a buga mata hatimi. Sabuwar oda kuwa a kasa ta. Ga 250 nan a shirye, in wurin yana da ruwa tabbatacce a kai su yanzu, da yamma, a lulluɓe, an rage musu ganye. Sauran sai ruwa ya zauna, wajen Yuni zuwa Yuli. In kun zuba yankan mai ruwan ɗorawa tun yanzu a ƙarƙashin rumfa, da ban ruwa safe da yamma, kashi mai kyau zai yi saiwa kafin lokacin. Waɗanda suka yi 'ya'ya da yawa a cikin leda ma ana iya raba su biyu ko uku a sake renonsu. Abin da ya gagara, ku saro daga wasu masu lambu, nan Garwa ko Ngaundere inda sanyi da ruwan sama suka fi, ku ɗora 'yar riba. Ribar ba za ta kai ta tono ba, amma gindayen Baba na nan. Ka kuma tambayi tsawon katangar da za a yi wa shingen. Sau da yawa ɗan kwangila yana cusa gora kusa da kusa don wuri ya yi duhu ranar da mai gida zai zo dubawa, alhali gora mai yin gindi in an ba ta tazarar mita ɗaya ko fiye, da kanta take haɗewa. Wataƙila dubun nan, ɗari shida ne ainihin buƙatarsa.

Sharaɗi biyu kada a sassauta su. Na farko kuɗin kafin alƙalami, aƙalla rabi, ya shigo ta waya, ta Orange Money ko MoMo, don saƙon ya zama shaida. Na biyu a rubuta wanda ban ruwa ke wuyansa. In yana so ku lamunce masa cewa za su rayu, to ku za ku dasa, ku za ku kula na wata biyu ko uku, kuma wannan aiki ne mai kuɗinsa daban. Nan ma wata ƙofar samu ce da kuke bari a rufe, kuma kai ne mai ita, kai da aka ce ban ruwa ka sani. In Yaya ya ce kunya ba za ta bar shi ya nemi abokinsa ya sa hannu ba, ka tuna masa cikin ladabi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi, kuma ba don ana zargin kowa aka saukar da ita ba. In kuma mutumin ya ji waɗannan sharuɗɗa ya fusata ya tafi, Allah ya raka taki gona. Kun gane da wuri ke nan.

Sai maganar "rabona". Ƙanena, a yau ba ka da rabo a lambun nan, Yayanka ma ba shi da shi. Baba na raye, hankalinsa garau kamar yadda ka faɗa, lambun nasa ne, gindayen nan nasa ne. Ba a cin gadon mai rai. Yaya wakili ne, kai ma'aikaci ne da ba a yanka wa lada ba. In ka tono gora ka kai Pitowa ba da izininsa ba, abin da kake hana Yaya shi ka aikata. Idan kuma kuna da 'yan'uwa mata, su ma ranar da za a yi rabo suna da haƙƙi, ko da ba su taɓa ɗaukar bokiti ba.

Wannan ne ya sa ban goyi bayan Inna gaba ɗaya ba, duk da na fahimci tsoronta. Matar da ta yi shekara biyu tana jinya ba ta son duk abin da zai ƙara mata dare. Amma ku tuna, mutumin da ciwo ya kwantar, abin da ya fi ci masa rai shi ne a daina shawara da shi, a mayar da shi kamar kayan ɗaki. Kuma bango ba ya ɓoye irin wannan: ya riga ya lura 'ya'yansa biyu ba sa zama tabarma ɗaya. Abin da za a kiyaye shi ne yadda maganar za ta isa gare shi. Kada ta je a matsayin ƙara. Ku fara daidaitawa kai da Yaya, sannan ku shiga tare, Inna na zaune, ku ce, "Baba, an kawo oda babba, ga abin da muke da shi, nawa kake ganin gindi ɗaya zai iya bayarwa bana?" Wanda ya dasa su ya san amsar. In ta fito daga bakinsa, Yaya ya samu hanyar janyewa ba tare da an ce ƙaninsa ya kayar da shi ba. In likitan da ke duba shi ya ce ko wannan ma a dakata, to a nemo baffanku ko wani aminin Baba da Yaya ke jin nauyinsa.

A wannan zaman ne, ko wanda zai biyo baya, za ka kawo maganar ladanka, kuma kada ka ji kunyarta. Mai iyali ba ya rayuwa a kan "abin da aka ga dama". Ka nemi a yanka maka wani abu sananne duk wata, shi ma Yaya a yanka masa, maganin Baba da cefanen gida a ware, sauran ya koma lambu. A sayi littafi guda, duk dashen da ya fita da duk sefar da ta shigo a rubuta, kowa na iya buɗawa. A kuma raba iko a fili: farashi da neman masu saye na Yaya ne, amma ba a amsa oda sai an tambaye ka ko akwai, kuma ba a sa diga a gindi sai da yardarka.

Yadda za ka tunkari Yaya kuwa, kai ne ƙarami, kai za ka taka. Ba a lambu ba, ba a gaban matanku ba. Ka same shi bayan isha'i, ka fara da naka: "Yaya, na yi kuskure da na musa maka a gaban yara, ka yafe ni." Ka tsaya nan, kada ka biyo da "amma". Sannan ka nuna masa hotunan da ƙidayar da ka yi. Maganar ban ruwa, ka bari sai zance ya yi laushi, ka faɗa masa sau ɗaya cewa ta yi maka ciwo. Mai yiwuwa ba zai ce ka yi haƙuri ba. Yayye da yawa bakinsu ba ya iya furta wannan kalmar, sai dai ka ga washegari an aiko wa matarka da nama. In ya zo a haka, ka karɓa.

Filin Pitowa kada ka ce ba ka so, kada kuma ka tafi yanzu. Sabon lambu yana cin kuɗi kafin ya ba da ko sisi: rijiya, shinge, rumfa, leda, ga gindin gora da sai ya shekara uku ko huɗu kafin a fara cira daga jikinsa hankali kwance. Ga jariri na tafe. Amma filin yana da amfanin da ya kamata ku duba tare. Kuna bakin Binuwai, kun kuma ga abin da ruwa ya yi a 2012 da 2022, shekarun da kogin ya cika har aka saki ruwan madatsar Lagdo. Iri gaba ɗaya a wuri guda kasada ce. Haka nan gorar gida in ta yi shekaru masu yawa takan yi fure ta zubar da ƙwaya, gindin ya mutu, kuma waɗanda aka raba daga uwa ɗaya sukan yi hakan lokaci guda. Ka tambayi Baba daga ina ya samo nasa, wuri ɗaya ne ko wurare daban-daban. In ka je ka ga filin yana kan tudu kuma ruwa bai yi nisa ba, ka tabbatar da takardunsa da sanin jauro, wato mai garin wurin, ka nemi Baba ya ba ka 'yan tushe kaɗan da bakinsa, a gaban Yaya, ka dasa su da daminar nan, ka haɗa da wasu daga wani wurin dabam.

Ka ba wannan tsari damina ɗaya. In Oktoba ta yi, littafi bai samu ba, ladanka bai tsaya ba, ko aka shiga gindayen da diga a bayan idonka, to ka yi sallama da rana tsaka, da albarkar Baba da ta Inna, ka koma Pitowa inda 'yan gindayenka suka riga suka kama ƙasa. Ka rubuto min bayan ka dawo daga wurin ɗan kwangilar, ina son jin nawa ka tarar da rai a cikin ɗarin nan. In suna ya riga wasiƙar, a shafa min kan jariri.